Shafin da ya ƙi gangarawa ƙasa

Masu gina shafukan intanet, don girman Allah ku riƙa gwada aikinku a tsofaffin burauza, wato manhajojin da ake buɗe shafin intanet da su! Mutum ya biya kuɗinsa a shagon kwamfuta zai cika fom ɗin neman aiki, ya sa suna, ya sa adireshi, sai shafi ya ƙame. Ka murza linzami ka gaji, ko gezau. Maɓallin turawa yana can ƙasa, ba hanyar kai gare shi. Wani lokacin akwatin talla ne zai faɗo ya rufe rabin allo, wurin kashe shi kuma ya ɓuya a gefe. Lokacin da ka saya yana ta tafiya, na bayanka na jira.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shaguna da dama har yau tsohuwar manhajar kwamfuta ta Windows 7 gare su, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Burauzar Chrome a kanta ta tsaya a lamba 109 tun farkon 2023, ba a ƙara sabunta ta ba. Kai kuwa maginin, ka gina shafi da sababbin dabaru a kwamfutarka mai tsada, ka ga ya yi kyau, ka sake shi.

Masu burauzar waya ta Opera Mini sun fi shan wuya, domin sai an matse shafin a na'urorin kamfanin kafin ya iso waya, abubuwa da yawa masu motsi a can suke mutuwa. Talaka ya zaɓe ta ne don data ta yi tsada.

Haba malam! Ka ari tsohuwar waya, ka buɗe fom ɗin, ka gangara har ƙarshe, ka danna turawa. Wannan ma sai an roƙe ka?