Ba rigimar Intel da ARM ce za ta kashe tsohuwar kwamfutarka ba

Musun Intel da ARM, wato wane tsarin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ya fi, ya sake tashi, kowa ya ja daga. Wannan ya ce zamanin x86, tsarin furosesar Intel, ya wuce, wancan ya ce ARM ta waya ce, ba ta iya aikin manya. Wanda nake tausayi shi ne mai tsohuwar laftof, irin HP EliteBook da Dell Latitude na gwanjo da suka cika gidajenmu da shagunan buga takardu, yana karanta musun nan gabansa na faɗuwa, yana zaton tasa ta zama ta 'yan gwangwan. Malam, kwantar da hankalinka tukuna. Akwai abin da ke barazana ga na'urarka, amma ba daga nan yake zuwa ba.

Musun ma ya girmi da yawa daga cikin masu yin sa. Intel ta fitar da furosesar 8086 a 1978, IBM ta ɗauki ƙanwarta 8088 ta sa a kwamfutarta ta 1981, daga nan zuriyar x86 ta mamaye ofisoshi. ARM kuwa kamfanin Acorn ne ya ƙera ta a Kambirij ta Ingila a 1985. Asalin saɓanin shi ne, x86 tana da umarni birjik da manhaja take ba furosesa, wasu dogaye masu sarƙaƙiya, ita kuwa ARM ta zaɓi umarni masu sauƙi da ake gamawa da sauri. To amma tun Pentium Pro ta 1995 furosesar Intel take farfasa dogon umarni zuwa ƙanana a cikin cikinta kafin ta aiwatar, ARM ɗin ma ta yi ta tara sababbin umarni har ta yi ƙiba. Yau kamfanin TSMC na Taiwan ne yake ƙera wa Apple mai ARM, shi ne kuma yake ƙera wa AMD mai x86. Abin da zan yarda da 'yan ARM a kai shi ne batir. Tun da Apple ta kawo furosesarta ta ARM mai suna M1 a Nuwamban 2020 aka ga laftof mai wuni tana aiki ba zafi ba ƙarar fanka, kuma a ƙasar da wuta take leƙowa ta koma, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kuɗinta ba na kowa ba ne.

Duk mai son ya ga yadda kwamfuta take mutuwa, ya duba Amiga. A 1985 Commodore ta fito da ita da furosesar Motorola 68000, tana nuna launuka, tana fitar da sauti, tana gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda, alhali kwamfutocin IBM na ofis ba su kusa da haka ba. A Afrilun 1994 Commodore ta karye. Escom ta Jamus ta saya a 1995, ita ma ta durƙushe a 1996, Gateway ta Amurka ta karɓa a 1997 ba ta tsinana komai da ita ba. Masoyanta suka share shekaru suna cacar baki: a koma wani tsarin furosesa mai suna PowerPC ne ko x86? Har gaba aka yi a kai. Daga ƙarshe babbar manhajarta AmigaOS 4 ta fito a kan PowerPC a 2006, shekarar da Apple, babbar mai amfani da PowerPC a kwamfutocin gida, ta tattara nata ya nata ta koma Intel. Suna can suna musun inji, masu rubuta manhaja sun daɗe da watsewa, kuma wannan ne ya binne Amiga. Waɗanda suka sayi Power Mac G5, kwamfutar Apple mai PowerPC mai tsada, a 2005 ma sun ɗanɗana, domin macOS ta 2009, wato Snow Leopard, ƙin hawa kanta ta yi.

Yanzu mu dawo gida. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta tsaida wa Windows 10 a matsayin ranar daina tallafi, da ɗan ƙarin wa'adin sabuntawar tsaro zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma tana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama. Core i5 ɗinka ta ƙarni na huɗu ko na shida x86 ce, daidai da sabuwar da ke cikin kwali a kanti. Ba a canja tsarin furosesa ba, ARM ba ta ci kowa da yaƙi ba, amma an ja layi an bar ka a baya. Kamar mota ce mai lafiyayyen inji da aka daina shigo da kayan gyaranta.

Kwamfutarka za ta ci gaba da kunnuwa, Word da CorelDRAW za su buɗe kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suke ganowa. Ni burauza nake sa wa ido: an daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Chrome ta ci gaba da lallaɓa ta har farkon 2023 sannan ta sake ta. Ranar da hakan ta faru da Windows 10, shiga banki ko cike fom ɗin makaranta da ita zai zama kasada.

Masu gyara suna iya ɗora maka Windows 11 ta bayan gida, kuma tana tafiya, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da turo mata sabuntawa ba. Masu Core 2 Duo kam su haƙura, bugun Windows 11 mai lamba 24H2 yana buƙatar wani rukunin umarni mai suna SSE4.2 da babu shi a jikin wannan furosesar. Ga ɗalibi ko mai karatu da rubutu a gida, a sa wa tsohuwar kwamfutar ma'ajiya mai sauri, wato SSD, a ƙara RAM zuwa giga 8, a ɗora Linux Mint a madadin Windows, za ta ƙara shekaru. Mai shagon zane da ke cin abinci da CorelDRAW ba zan yaudare shi da Linux ba, gara ya raba wannan na'urar da intanet ya ci gaba da aikinsa.

Ofisoshin Turai da Amurka suna ta sauke irin waɗannan kwamfutoci, kuma mun san inda suke ƙarewa: Computer Village a Ikeja, titin Beirut a Kano. Za a nuna maka tambarin Core i7 yana ƙyalli, farashi kuma ya yi daɗi. Ka ce a buɗe maka lambar furosesar. In ka ga 6600U, ta ƙarni na shida ce, Windows 11 ba ta san da ita ba. Core i5 mai lamba 8250U ta fi ta makoma, ko da mai shago ya rantse maka i7 gaba take da i5.