Yaushe Rabonka Da Ka Ce Wa Malamin Ɗanka "Na Gode"?

Assalamu alaikum 'yan uwa iyaye. Jiya da hantsi na je makarantar firamaren da ɗana yake, kuma ƙorafi ne ya kai ni, saboda ya dawo gida da littafi a yage. Da na leƙa ajin sai na tarar da malama ɗaya tilo a gaban yaran da suka haura saba'in, rabinsu a zaune a ƙasa, muryarta har ta dushe. A bayan aji kuwa wata baiwar Allah ce a kan tabarma, goye da jariri, ta tara waɗanda ba su iya haɗa baƙi ba tana bi da su harafi bayan harafi. Na ɗauka sabuwar malama ce, sai hedimasta ya ce mini ai uwar ɗaya daga cikin yaran ce, tana zuwa sau biyu a mako, kuma ba a biyanta ko kwabo. Na haɗiye ƙorafina na fito cike da kunya, domin shekara uku ke nan yaron yana makarantar, ban taɓa taka ƙafa don in yi godiya ba.

Ku gaya mini gaskiya, mu nawa ne haka? Ba a ganinmu a makaranta sai ranar da aka tsawata wa yaro, ko ranar da ya faɗi jarrabawa, sai mu zo muna kumfar baki a gaban ɗalibai, mu zubar da mutuncin mutumin da yake wuni da 'ya'yanmu alhali mu kanmu hayaniyarsu ta awa biyu tana gundurarmu. In an kira taron iyaye da malamai sai mu ce ba mu da lokaci. In wani uba ya bar sana'arsa ya zo ya gyara benci, ko wata uwa ta zo tana raba ruwa tana share aji, sai a samu mai cewa neman suna suke yi. Subhanallahi, ba mu yi ba, kuma ba mu bar masu yi sun ji daɗin yi ba.

Iyayenmu ba haka suka yi da malamanmu na allo ba. Kowane mako suna damƙa mana kuɗin Laraba mu kai wa malam, in an yi girbi a aika masa da dami, in aka haɗu da shi a hanya a rusuna a gaishe shi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma malam ya san ana sane da wahalarsa. Matar da na gani jiya kuma ta tuna mini da 'Yan Taru na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wato matan nan malamai da ake kira jaji, waɗanda suke taka ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye a ƙarni na 19 suna koyar da mata, kuma har yau ana ambatonsu da alheri. Tun 1994 duniya ta ware 5 ga Oktoba don malamai, mu kuwa ranar tana zuwa ta wuce ko saƙon waya ba mu tura ba, alhali mun haddace faɗin Manzon Allah (SAW) cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Don Allah, 'yan uwa, kada mu jira Oktoba. Gobe ka raka ɗanka har ƙofar aji, ka gaida malaminsa a gabansa, ka ce masa Allah Ya saka da alheri. In kana da hali ka kai kwalin alli ko tabarma. Ki tambayi sunan uwar nan da take taimaka wa 'yarki karatu, ki nemi gidanta ki gode mata, ki sa ta a addu'arki ta asuba. Ni dai Litinin zan koma, kuma da mahaifiyar yaron za mu je. Don Allah ku ma ku je.