Manhajar da ke takarda da wadda ake koyarwa a aji

Duk malamin jami'a ya san cewa gyara darasi a aji abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen gyara shi a takarda. Na koyar a Najeriya, yanzu ina koyarwa a Ingila, kuma a ko'ina cikin biyun ba a sauya manhajar digiri da gaggawa. Masu zaton a nan Turai malami yana kwana da shawara ya wayi gari ta zama doka, su kwantar da hankalinsu, kwamitoci a nan ma ba su da iyaka. Bambancin yana cikin tambayar da kwamitin yake yi maka. A gida ana tambayarka ko abin da ka kawo ya yi daidai da kundin NUC, hukumar da ke kula da jami'o'in Najeriya. A nan ana tambayarka wane ɗalibi ne gyaran zai shafa, kuma me aka yi masa alkawari ranar da ya karɓi gurbin karatu.

A gida hanyar sananniya ce. Magana tana tasowa a taron sashe, ta haura tsangaya, ta bi ta ofishin tsare-tsaren karatu, ta isa majalisar dattawan jami'a. Idan sabon kwas ne gaba ɗaya, sai NUC ta turo mutanenta su ga malamai da ɗakunan gwaji da laburare kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya, bayan haka kuma tantancewa ta biyo baya. Cikakkiyar amincewa shekara biyar take yi, ta wucin gadi shekara biyu, wanda aka hana kuwa sai ya dakatar da ɗaukar ɗalibai. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da tasu hukumar, NBTE, kwalejojin ilimi suna da NCCE. Kwas ɗin injiniya sai ya gamsar da majalisar injiniyoyi ta COREN, na likita sai majalisar likitoci ta MDCN. A bayan duk wannan JAMB da NYSC suna tsaye, domin kwas ɗin da ba a amince da shi ba, ɗalibinsa ba ya zuwa bautar ƙasa.

Ba na cikin masu cewa a rushe wannan tsari. Ƙasar da jami'o'inta suka haura 250, mafi yawansu masu zaman kansu, da dama kuma ba su kai shekara ashirin ba, ba za ta ce kowa ya rubuta digirin da ya ga dama ba. Tun 1989 aka fara shimfiɗa mafi ƙarancin abin da kowane digiri zai ƙunsa, aka sabunta shi a 2007 da sunan BMAS, sannan a Disambar 2022 aka ƙaddamar da CCMAS, wanda ya ce NUC za ta rubuta kashi 70 cikin 100 na manhaja, jami'a ta cike 30 da abin da ya dace da ita. ASUU ta yi ta ƙorafin cewa an ƙwace aikin majalisun jami'o'i, kuma ƙorafin yana da tushe. Amma abin da ya fi damuna shi ne tazarar da ke tsakanin 2007 da 2022. Shekara goma sha biyar ke nan. Yaron da ya shiga karatun kwamfuta a ƙarshen wannan tazara yana riƙe da wayar da ba a san irinta ba lokacin da aka rubuta kundin da ake auna digirinsa da shi.

To me malamin kirki yake yi? Ba ya jira. Yana shiga aji ya koyar da yaren kwamfuta na zamani, Python, a ƙarƙashin lambar kwas ɗin da takarda ta ce na tsofaffin yarukan Pascal ne ko FORTRAN. Shugaban sashe ya sani, ya kawar da kai, don shi ma ya san abin da ya kamata ke nan. Ɗalibai sun amfana, babu ja. Amma gyaran bai shiga ko'ina ba. Ranar da malamin ya tafi hutun bincike ko ya bar aiki, wanda ya gaje shi zai ɗauko tsohuwar takarda ya ci gaba daga inda ta tsaya. Ɗalibin da ya faɗi kwas ɗin ya dawo kariyoba sai ya tarar da wani darasi daban a ƙarƙashin suna ɗaya. Wanda ya nemi digiri na biyu a waje kuwa, takardar sakamakonsa tana nuna ya karanta abin da aka daina yayi, abin da ya iya da gaske kuma babu shaidarsa. Na sha zama a kwamitin duba takardun masu neman gurbi, kuma nakan san cewa yaron ya fi abin da takardarsa ta faɗa, amma abokan aikina takarda kawai suke gani.

A Ingila jami'ar da take da ikon ba da digiri ita ce take amincewa da kwasa-kwasanta. A mafi yawan fannoni babu wata hukuma a Landan da za ka kai wa manhaja ta sa hannu. QAA, hukumar kula da ingancin karatun jami'a wadda aka kafa a 1997, tana fitar da bayanin abin da ake sa ran mai digiri a kowane fanni zai sani, amma jagora ne, ba jerin darussa da lambobinsu ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke raba gyara gida biyu. Akwai ƙarami, akwai babba, kuma kowace jami'a ta rubuta iyakar da ke tsakaninsu. Sauya jerin littattafai ko sabunta abin da ke cikin darasi ɗaya ƙarami ne, a sashe ko tsangaya yake ƙarewa. Sauya sunan digiri, ko cire darasin dole, ko sauya abin da aka ce mai digirin zai iya yi idan ya gama, wannan babba ne, sai ya hau sama, wani lokacin sai an kira masana daga wata jami'a sun zauna a kai.

Ka ɗauka kana son darasin da ake yanke hukuncinsa da jarrabawa ɗaya a ƙarshen zango ya koma kashi 60 jarrabawa, 40 aikin rubutu. Za a ba ka fom na 'yan shafuka. Zai tambaye ka dalili. Zai tambaye ka waɗanne digirori ne suke aron wannan darasi, domin wataƙila ɗaliban wani sashe suna ɗaukarsa ba ka sani ba. Akwai gurbin da za ka manna amsar mai duba jarrabawa na waje, wato malamin wata jami'a da aka naɗa yana duba tambayoyinku da makinku na wasu shekaru. Akwai gurbin da za ka rubuta abin da wakilan ɗalibai suka ce. Sannan akwai ranar rufewa, wadda kowa ya santa tun farkon shekara. Ka wuce ta da kwana ɗaya, sai baɗi. Wannan ranar tana ba ni haushi kowace shekara, amma ita ce take sa kwamitin ma ya zauna a kan lokaci, domin shi ma an ɗaure shi da ita.

Kada a ɗauka tausayi ne ya kawo gurbin ɗalibai a fom ɗin. Doka ce da kuɗi. A 2015 hukumar CMA, mai kula da gasa da haƙƙin masu saye, ta fitar da jagorar da ta tunatar da jami'o'i cewa ɗalibi mai biyan kuɗi ne, kuma abin da aka tallata masa ya zama yarjejeniya. Ba ka da ikon tallata masa digiri mai darasi kaza, ya zo ka ce an cire. Tun 2018 kuma hukumar OfS ke sa ido a kan jami'o'in Ingila. Shi ya sa babban gyara yakan fara aiki ne a kan sababbin shiga, tsofaffi su ƙarasa a kan abin da suka tarar, idan kuma za a rufe kwas sai an koyar da na ciki har su fita.

Tsarin nan yana da nasa ciwon, kuma ba ƙarami ba ne. Tunda ana tallata kwas fiye da shekara kafin ɗalibi ya shigo, babban gyara yakan ci kusan shekara biyu kafin ya isa aji. Mafi muni, kafin a tambayi sabon kwas ko yana da ilimi, ana tambayarsa ko zai kawo ɗalibai nawa da kuɗi nawa. 'Yancin da ya sa jami'a take buɗe digiri ba tare da neman izinin kowa ba, shi ne ya sa take rufe sashen harsuna ko falsafa ba tare da neman izinin kowa ba. A 'yan shekarun nan da kuɗi suka yi ƙaranci an ga haka a jami'o'i da dama. Wannan ban so mu kwafo shi.

Abin da nake so mu ɗauka bai buƙatar sabuwar doka daga Abuja. Kashi 30 ɗin nan yana hannun jami'o'i tun yanzu. Majalisar kowace jami'a tana iya zama ta rubuta a shafi biyu abin da ake kira ƙaramin gyara, ta miƙa ikonsa ga tsangaya, ta ce a riƙa kawo mata rahoto sau ɗaya a shekara. Masu duba jarrabawa na waje muna da su, sai dai yawanci a ƙarshen shekara ake kiransu su duba kundin 'yan ajin ƙarshe su tafi. A aika musu da gyaran manhaja su ce wani abu. A sa rana a kalandar jami'a. A tambayi wakilan aji, a rubuta amsarsu ko da ba za a bi ta ba. Na san za a ce yajin aiki yana rikita kalanda, kuma majalisar da ta saba komai ya biyo ta kanta ba za ta saki da sauƙi ba. Gaskiya ne. Amma majalisar da farfesoshi fiye da ɗari suke zama a cikinta, ga sakamakon jarrabawa na tsangayoyi duka a gabanta, ba karanta gyaran darasin aji biyu take yi ba, a ƙarshen ajanda yake zuwa lokacin da kowa ya ƙosa ya tashi.

NUC kuwa abu ɗaya nake roƙonta. Ta ɗaura wa kanta wa'adin duba kashi 70 ɗinta, fanni-fanni, kuma ta bambanta tsakanin fannin da yake sauyawa kowace shekara da wanda yake iya jira. Kwamfuta da sadarwa da kimiyyar magunguna ba za su jira zagaye ɗaya da lissafi ba. Idan ta bar CCMAS ya zauna kamar yadda BMAS ya zauna, a 2037 za mu sake taron ƙaddamarwa, malamai kuma suna can suna koyar da wani abu a ƙarƙashin sunan wani.