Ku daina cewa sa'a ce ta ba Saudiyya nasara a kan Ajantina

Jama'a, akwai kalma guda da take ƙona mini rai duk lokacin da ƙaramar ƙasa ta kayar da babba a ƙwallo, wato "sa'a". Da an tashi wasa sai ka ji masu sharhi suna cewa ai sa'a ce, ai manyan ne ba su tashi da ƙafar dama ba. Wato dai ko a ranar da ƙaramin ya yi nasara, labarin na babban ne. Ni wannan raini nake ɗaukarsa, kuma wasan da ya fi nuna mini haka shi ne na Saudiyya da Ajantina a gasar cin kofin duniya a Katar.

Ranar 22 ga Nuwamba 2022 ce, a filin Lusail. Ajantina ta shigo da wasa 36 a jere ba a doke ta ba, saura ɗaya ta kamo tarihin Italiya na 37. Tana riƙe da kofin Kudancin Amurka, ga Messi a gaba. 'Yan Saudiyya kuwa dukkansu a gida suke taka leda, da yawansu daga Al-Hilal, babu ko ɗaya a Turai. Minti 10 da farawa Messi ya ci fenareti. A nan kowa ya fara lissafin ƙwallo nawa za a zura.

Abin da ya biyo baya shi ne nake so mu tsaya a kai. Ƙaramar ƙasa idan ta haɗu da babba, abin da aka saba gani shi ne ta tattara kowa a gaban raga tana ta korar ƙwallo har alƙali ya busa. Kocin Saudiyya, Hervé Renard, bai yi haka ba. Turo 'yan bayansa ya yi can kusa da tsakiyar fili, suka jeru a layi ɗaya, suna bar wa Messi da Lautaro Martínez da Di María fili fetal a bayansu. Duk wanda ya taɓa tsaron baya ya san haɗarin wannan: mutum ɗaya ya makara da taku guda, an gama da ku. Sau uku Ajantina ta jefa ƙwallo a raga kafin hutun rabin lokaci aka soke saboda satar gida, ɗaya ta Messi, biyu na Lautaro. Mutum huɗu ba sa ɗaga ƙafa lokaci guda sau da yawa haka bisa katari. Atisaye ne na watanni, da kuma zuciyar da za ta ci gaba da yin abin bayan an riga an ci ka ɗaya.

Aka dawo daga hutu, minti na 48 Saleh Al-Shehri ya farke. Minti na 53 Salem Al-Dawsari ya karɓi ƙwallo a gefen da'irar mai tsaron gida, ya juya tsakanin 'yan baya, ya lanƙwasa ta can saman kusurwa. Don Allah ku sake kallon wannan ƙwallon. Da Messi ne ya ci ta, da har yau ana nuna ta ana cewa baiwa ce.

Ban ce babu sa'a a ƙwallo ba. Akwai. Ɗaya daga cikin ƙwallayen Lautaro da aka soke, tazarar ba ta wuce kafaɗa ba, na'ura ce ta gano ta. Amma fenaretin da aka ba Ajantina ma sai da alƙali ya je ya duba bidiyo kafin ya bayar. Me ya sa ba a kiran wannan sa'a? Idan abu ya faɗo wa babba sai a ce ƙwarewa, idan ya faɗo wa ƙarami sai a ce rabo.

Kuma shi Renard ba ranar ya fara ba. Shi ne ya kai Zambiya ta ɗauki kofin Afirka a 2012, ta doke Kodebuwa ta su Drogba da Yaya Touré a bugun fenareti 8 da 7, a Libreville, garin da jirgin tawagar Zambiya ya faɗi teku kusa da shi a 1993. Mutum ya yi irin wannan sau biyu da ƙasashe biyu a nahiyoyi biyu, a ce duk katari ne?

Na san amsar da za a ba ni: ai Ajantina ce ta ɗauki kofin a ƙarshe, Saudiyya kuwa Polan da Meziko suka doke ta, ta ƙare a ƙasan rukuni. Gaskiya ne, kuma ya yi mini ciwo. Amma ku dubi Ajantinar da ta ɗaga kofin. Mac Allister, Enzo Fernández da Julián Álvarez ba su cikin sha ɗayan da suka fara wasan Saudiyya. Bayan kashin da aka sha ne kocin Ajantina, Scaloni, ya shigo da su ɗaya bayan ɗaya, kuma su ne suka riƙe tawagar har wasan ƙarshe da Faransa. Koci ba ya rusa tsarinsa saboda tsautsayi. Shi ya ga abin da Saudiyya ta tona, ko da masu sharhi ba su gani ba.

Wannan rainin ya daɗe. A gasar kofin duniya ta 1982 Aljeriya ta doke Jamus ta Yamma, zakarun Turai, 2 da 1 a Gijón, Madjer da Belloumi suka ci. Ta kuma doke Chile. Sai Jamus da Ostiriya suka buga wasansu na ƙarshe suna sane da cewa idan Jamus ta ci 1 da nema su duka biyun za su wuce zagaye na gaba, Jamus ta ci da wuri, daga nan suka dinga gara ƙwallo har aka tashi, Aljeriya ta koma gida. Abin ya yi munin da tun daga 1986 ake buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci ɗaya. A 2002 Sanagal ta ci Faransa mai riƙe da kofi ta ƙafar Papa Bouba Diop, aka ce ai Zidane ne ba ya nan. Sanagal ta kai daf da na kusa da na ƙarshe, Faransa ta fita ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Lusail ba ma ƙwallon Al-Dawsari ba ne. A cikin dogon ƙarin lokacin nan, Ajantina na ta luguden ƙwallo ta sama, mai tsaron gida Mohammed Al-Owais ya fito da ƙarfi, gwiwarsa ta daki fuskar ɗan bayansa Yasser Al-Shahrani. A kan gadon ɗaukar majinyata aka fitar da shi, da karaya a muƙamuƙi, gasarsa ta ƙare a nan. Al-Owais ya dafe kai yana kallon abokinsa a kwance, sannan ya koma cikin raga ya tsare sauran mintunan har aka busa tashi.