A tura bututu ta ƙasa, a bar titi ya huta

Mu da muka taso muna ganin ana farke titi duk lokacin da za a binne bututu, zaman Jamus ya nuna mana cewa hakan ba dole ba ne. A nan sau da yawa rijiyoyi biyu kawai ake haƙawa, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Sai a saukar da injin haƙa cikin ta farko, manyan jak masu aiki da mai su riƙa tura bututun kankare ɗaya bayan ɗaya, ana zuba kunun yumɓu don ya rage gogayya da ƙasa, hasken lesa kuma yana riƙe saiti. Motoci na wucewa a sama, babu wanda ya rufe shago. Japanawa ne suka ƙware a ƙaramin nau'in wannan aiki tun shekarun 1970.

A ganina wannan dabara ce za ta sa jigilar kaya ta ƙarƙashin ƙasa ta yiwu. Tunanin dai ba sabo ba ne: jirgin wasiƙu na ƙarƙashin ƙasa a Landan ya yi aiki daga 1927 zuwa 2003, Cikago ma ta yi amfani da ramukan kaya har 1959. A birnin Bochum na Jamus, Farfesa Dietrich Stein ya tsara CargoCap, inda ƙananan kekuna marasa direba za su bi bututu mai faɗin kimanin mita 2, kowanne ɗauke da falet biyu, wato katakon da ake jera kaya a kai. Faɗin nan shi ne hikimar, domin irinsa ake turawa da jak ba tare da an tayar da unguwa ba. Suwizalan ta zaɓi ƙaton rami don jigilar kaya, ta yi masa doka a 2021, amma tsadarsa ta zame masa ƙarfen ƙafa. Ni na fi yarda da ƙaramin.

Sai dai injin ba ya duba. Kafin ya taɓa ƙasa an san inda dutse yake, inda ruwa ya kwanta, da inda tsofaffin wayoyi da bututai suka bi. A nan ne tazarar da ke tsakaninmu da su ta fi damuna, domin inji ana iya sayensa gobe, amma taswirar abin da ke binne sai an shekara da shekaru ana tara ta. Duk garin da ke son kaya su bi ta ƙasa, ya fara rubuta inda ya binne kowane bututu tun yau.