Ɗan agajin Jamus da ɗan agajin gida

Duk wanda ya ce mini Bature ya fi mu son taimako, ba zan yarda ba. Ina zaune a wani ƙaramin gari a Jamus, ina aikin sa-kai a cikinsu, kuma abin da na gani shi ne sun fi mu kula da mutumin da ya fito taimakon. A nan ne suka yi mana nisa.

Wurin da nake aiki sunansa Tafel. Ƙungiya ce da ke bin manyan kantuna da gidajen burodi tana kwaso abincin da bai lalace ba amma ba za a sayar ba, ta raba wa masu ƙaramin ƙarfi. Wasu mata ne suka fara ta a Berlin a 1993, yau rassanta sun haura 900, kuma kusan duk aikin 'yan sa-kai ne ke yin sa. Aikin ba shi da wani armashi. Da sassafe mota ta fita kwaso kaya, mu kuma mu tsaya a bakin tebur muna tsince ruɓaɓɓen tumatir, muna ware latas ɗin da ya yi yaushi, muna duba ranar da ke jikin kwalin madara. Bayan azahar a buɗe ƙofa, mai karɓa ya nuna katinsa, ya biya yuro ɗaya ko biyu, a cika masa jaka. Yawancin abokan aikina tsofaffi ne da suka yi ritaya. Tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 layi ya ƙara tsawo, har wasu rassan suka dakatar da ɗaukar sababbin masu karɓa, kuma wanda ke bakin ƙofa shi ke da nauyin kallon uwa riƙe da yara ya ce mata babu gurbi.

Kafin in taɓa ko burodi ɗaya sai da aka yi mini bita kan tsaftar abinci, aka sa sunana a jadawali, aka kuma shaida mini cewa idan na zame da kwandon kaya na ji rauni, akwai inshorar da za ta ɗauki nauyina.

Masu kashe gobara ne suka fi tsaya mini a rai. Manyan birane ne ke da ma'aikatan kwana-kwana masu albashi. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa irin namu, idan ka kira 112, lambar kiran gaggawa, masu zuwa su ne makaniki da manomi da malamar makaranta, kuma irinsu sun kai wajen miliyan ɗaya a ƙasar. Doka ta tilasta wa mai gidan aikinsu ya sake su idan ƙararrawa ta buga. Ba a yanke musu albashi, kuma hukumar gari ce ke mayar wa kamfani kuɗinsa. Kayan sawa da horo da mota duk na hukuma ne. Shi dai ya kawo jikinsa da lokacinsa.

To mu koma gida. Wa ke tsayuwa cikin rana a filin Idi yana gyara sahu? Wa ke tare hanya a wajen tafsirin azumi, ya ɗauki tsohuwar da ta faɗi a sansanin alhazai, ya kwana a asibiti da majinyacin da ba shi da kowa? 'Yan agaji ne, na Jama'atu Nasril Islam, da na Izala, da na Fityanul Islam. Da yawansu da kuɗin aljihunsu suke ɗinka kakin da ke jikinsu. Idan mota ta buge ɗayansu a bakin aiki, sai dai a yi karo-karo bayan sallah. Abin da ya fi mini ciwo shi ne yadda wasu ke kallon su a matsayin waɗanda suka rasa aikin yi, har mai mota ya daka wa dattijo tsawa don ya ce masa ya gyara fakin.

Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, matasa sun shiga ruwa suna ceto mutane, mata sun ɗora tukwane suna dafa wa waɗanda ba su taɓa gani ba. Babu wanda ya rubuta musu jadawali. Mutanen da suka gaji aikin gayya da yasar kwata da haƙar kabari kyauta ba sa buƙatar a koya musu tausayi. Sai dai namu yunƙurin yakan tashi da masifa ya kwanta da ita, domin wanda ya yi ya gaji, ya yi asara, kuma ba wanda ya waiwaye shi.

Akwai abin da nake kewa a nan, ba zan ɓoye ba. Neman takardar shaidar talauci kafin a ba mutum abinci har yau bai kwanta mini ba. A unguwarmu ciyayya ake yi, a aiko yaro da kwano a rufe, maƙwabci bai san wa ya ba wa ba. A nan kuwa mutane na shigowa kai a sunkuye, shi ya sa nake tsayawa in gaishe su, in tambayi lafiyar yara, ko da layi zai ɗan jinkirta. Na lura wasu tsofaffin wannan gaisuwar suke jira.

Ba sai mun jira majalisa ta yi doka ba. Kwamitin masallacin Juma'a zai iya ware wani abu daga kuɗin asusu don kakin 'yan agaji da maganinsu, ya kuma sa su a inshorar lafiya ta jiha inda ake da ita. Ɗan kasuwar da yaron shagonsa ɗan agaji ne ya sake shi ranar aiki ba tare da ya rage masa sallama ba. Mu da ke waje kuma, cikin kuɗin da muke aikawa na ginin masallaci da fenti, mu riƙa faɗa wa kwamiti a fili cewa ga kason masu tsayuwa a bakin ƙofa.