Gwajin shafi ba sai an tara jama'a ba

Na sha jin masu kera shafukan intanet a Abuja suna cewa gwada shafi da masu amfani sai babban kamfani, domin wai sai an tara mutum ɗari kafin a san gaskiya. Wannan kuskure ne, kuma yana hana ƙananan makarantu da asibitoci gyara abin da ba ya cin kuɗi.

A shekarar 2000 Jakob Nielsen, masanin wannan fanni, ya nuna cewa mutum biyar sun isa su bankaɗo mafi yawan matsalolin shafi. Dalilin kuwa, abin da ya rikita na farko shi zai rikita na uku, daga nan sai maimaici.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma nan aka fi yin tuntuɓe. Ba tambayar su za ka yi ko shafin ya yi kyau ba, don mutumin kirki zai ce madalla saboda kunya. Aiki za ka ba shi. Ka miƙa wa wata uwa daga Nyanya wayarta ka ce, "Hajiya, nemo mana kuɗin makarantar aji ɗaya." Sai ka yi shiru ka zuba ido. In ta shiga jawabin shugaban makaranta ta rasa hanyar fita, ka gano ciwon. Shirun nan ne mai wuya, domin hannu yakan so ya nuna mata.

Idan shafin na iyaye ne da malamai, kowane ɓangare a nemo nasa mutanen daban.